Haya Yana Biya, Gida Yana Gwanjo

Wannan labarin wani bawan Allah ne, direban tasi a Atlanta, babban birnin jihar Jojiya a Amurka. Haifaffen Zangon Kumasi ne, cacar biza ta kai shi can, daga baya ya ɗauko iyalinsa. Ya yarda a ba da labarin bisa sharaɗin a sakaya sunansa, saboda haka Malam za mu ce masa. A cikin shekara guda, 2009, sau biyu ana raba shi da muhalli, kuma duka biyun babu ko dala ɗaya ta haya da ake bin sa.

A watan Yulin 2007 ya kama gida mai ɗaki uku a wata unguwa da ke bayan gari, dala 950 a wata, ya kuma ajiye wata 950 kuɗin ajiya da za a mayar masa ranar tashi in bai ɓata komai ba. An rubuta yarjejeniyar shekara guda, da ta cika aka sabunta. Mai gidan mutum ne mai fara'a, kowane farkon wata yakan zo da kansa ya karɓa, ya rubuta rasit. Uwargidan Malam ce ke adana rasit ɗin a cikin wani gwangwanin biskit, a jere, kowanne da watansa.

Abin da rasit ba ya nunawa shi ne mai gidan da bashi ya sayi gidan, kuma gidan shi ne jinginar bashin. A shekarun 2004 zuwa 2006 bankuna da kamfanonin lamuni a Amurka sun yi ta ba mutane bashin gida ba tare da tsananta bincike ba. Wani nau'in da ya yi yawa shi ne wanda kuɗin ruwansa ke da sauƙi a shekara biyun farko, daga nan ya yi sama. Lissafin masu ci shi ne kafin lokacin farashin gida ya ƙaru, sai su sayar ko su sake cin wani bashin su rufe na farko. Da farashi ya juya ƙasa daga 2007, lissafin ya rushe: bashin da ke kan gida ya fi kuɗin gidan. Mai gidan haya da ya tsinci kansa a haka yakan daina biyan banki tun da ya san gidan zai tafi, amma ba ya daina karɓar haya. Watanni shida, takwas, wani lokaci fiye da shekara, kuɗin ɗan haya na shiga aljihunsa. A Kalifoniya akwai dokar da ta kira wani nau'in wannan ɗabi'a laifi. A yawancin wurare kuwa, babu wanda ya wajabta wa mai gida ya gaya wa ɗan haya halin da ake ciki.

Jojiya tana cikin jihohin da banki ba ya buƙatar zuwa gaban alƙali kafin ya sayar da gidan jingina. A New York ko Fulorida ko Ilinoi sai an shigar da ƙara, shari'a ta ja lokaci. A Jojiya takardar jinginar kanta ta ba banki ikon sayarwa. Zai aika wa mai bashi sanarwa aƙalla kwana 30 kafin ranar, ya buga talla mako huɗu a jere a jaridar da gunduma ta keɓe don sanarwar shari'a, shi ke nan. Ranar gwanjo sananniya ce: Talatar farko ta kowane wata, tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma, a bakin matakalar kotun gunduma. Lauya zai tsaya da takarda a hannu ya karanto adireshi, in babu mai tayi banki ya ɗauka. Cikin 'yan mintoci gida ya canja hannu, mutanen da ke ciki suna can suna girkin rana.

Haka aka yi wa gidan su Malam a Talatar farko ta Fabrairun 2009. Kwana biyu kafin nan ya biya hayar watan. Farkon Maris mai gidan ya sake zuwa, ya karɓi 950, ya rubuta rasit a kan gidan da ya riga ya fita daga hannunsa.

Alamu sun bayyana tun da wuri, yanzu Malam yana iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙu masu tambarin ofishin lauyoyi sun riƙa zuwa da sunan mai gidan, shi kuma ya tara masa su bai buɗe ba, don amana. Injin ɗumama ɗaki ya lalace a Disamba, mai gida ya ce ya gyara da kuɗinsa za su yi lissafi daga baya. Wata rana wani mutum ya tsayar da mota ya ɗauki hoton gidan daga titi ya wuce. Duk wanda ya san harkar, da ya ga waɗannan uku a haɗe ya san ruwa ya fara cin gidan.

Tsakiyar Maris aka liƙa takarda a ƙofa, wata irinta ta biyo ta akwatin wasiƙa. Sammaci ne daga kotun majistare, da sunan tsohon mai gida a sama, a ƙarƙashinsa an ƙara cewa da duk wanda ke zaune a ciki. Uwargida ta ciro ta ajiye masa. Da ya dawo daga filin jirgi da dare ta ce, "Malam, ni dai wannan takardar ba ta kwanta mini ba, akwai hatimi a jiki." Ya buga wa mai gida waya. Mai gida ya ce kuskuren banki ne, lauyansa yana kan maganar, kada ya damu kansa.

A nan ne babban kuskuren ya auku, kuma shi ya fi kowanne yawa a tsakanin baƙi. Wanda bai ga sunansa a takarda ba sai ya ɗauka ba da shi ake ba, ga kuma tsoron kotu da aka taho da shi daga gida. A Jojiya kwana bakwai ne wa'adin amsa irin wannan sammaci, daga ranar da aka isar da shi. In rana ta bakwai ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, sai ranar aiki ta gaba. Amsar ba ta buƙatar lauya. Mutum ya je ofishin magatakardan kotu da takardar, ya ce shi ne ke zaune a gidan, ya faɗi hujjarsa da baki ko a rubuce, a sa masa ranar sauraro. Wanda ya amsa, ko da ya sha kaye a gaban alƙali, yana da ƙarin kwana bakwai kafin a ba da umarnin fitarwa, kuma sau da yawa a harabar kotun ake sasantawa da lauyan banki a kan ƙarin lokaci. Wanda bai amsa ba kuwa an yi hukunci a bayan idonsa, abin da ya rage kawai jiran ranar da jami'ai za su samu sukunin zuwa.

Sun zo a Afrilu, da hantsi, Malam yana kan hanya da fasinja. Jami'ai biyu suka tsaya a ƙofa, ma'aikata suka shiga da manyan baƙaƙen ledoji. Kafin ya iso, katifu suna kan ciyawa, tukwane a cikin kwandon wanki, allon karatun yara a jingine da firij. Uwargida tana zaune a kan akwati da goyo, gwangwanin biskit ɗin nan a cinyarta. Ta miƙa wa jami'i, ya duba rasit biyu ko uku, ya mayar mata, ya ce shi umarnin kotu yake aiwatarwa. A dokar Jojiya kayan da aka fitar ta wannan hanya ana ɗaukarsu kamar an yasar da su ne, babu wanda ke da alhakin gadinsu. 'Yan'uwa direbobi ne suka taru da motocinsu suka kwashe abin da ya kwasu kafin duhu.

Ba shi kaɗai ba ne, ko kusa. Kamfanin RealtyTrac, mai bin diddigin irin waɗannan takardu, ya ƙirga gidaje kusan miliyan 2.8 da suka shiga wani mataki na ƙwacewa a 2009, a 2010 kuma bankuna suka karɓe fiye da miliyan ɗaya. Ƙungiyar National Low Income Housing Coalition ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na iyalan da ke fuskantar kora saboda wannan matsala 'yan haya ne. Tun a Oktoban 2008 Tom Dart, shugaban jami'an tsaron gundumar Cook inda Chicago take, ya dakatar da irin wannan kora na ɗan lokaci, domin jami'ansa suna ta tarar da mutane masu biyan haya waɗanda ba wanda ya gaya musu komai. Matsin lamba irin wannan ne ya kai ga dokar tarayya ta kare 'yan haya, wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 20 ga Mayu, 2009. Tsakanin fitar da kayan Malam da wannan rana bai kai mako shida ba. Da gwanjon ya zo bayanta, da yarjejeniyarsa ta ci gaba da aiki.

Daga nan suka koma otal ɗin da ake biya mako-mako, mutum biyar a ɗaki ɗaya. Kuɗi na tafiya kamar ruwa, kuma duk gidan da ya nema sai an ce za a binciki tarihinsa, ga kuɗin takardar nema, ga jira. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Ya ga talla a intanet: ɗaki uku, dala 750, ba binciken bashi, a shiga nan take. Ya kira lambar, wani mutum ya same shi a ƙofar gidan cikin riga mai kyau, da mabuɗi a hannu. Ya buɗe, ya zaga da shi ɗaki-ɗaki, ya ce gidan ƙanwarsa ne da aka yi wa canjin wurin aiki, kuma akwai wasu mutum biyu da ke zuwa kallo da yamma. Ya fito da yarjejeniya bugaggiya mai shafi huɗu. Malam ya ƙirga masa dala 1,500 tsaba, hayar wata da kuɗin ajiya, wani ɓangare rance ne daga asusun masallaci. Ya karɓi mabuɗi biyu sababbi fil.

Gidan na banki ne, an ƙwace shi watanni da suka wuce, yana zaune babu kowa. Yadda ake wannan damfara ba shi da wuya, shi ya sa ta yaɗu a Atlanta da Las Vegas da Phoenix da garuruwan Fulorida. Jerin gidajen da za a yi gwanjonsu a jarida yake, kowa na iya karantawa. Ɗan damfara ya zaga ya ga wanda ciyawa ta rufe, ya shiga ta tagar baya ko ya samo lambar ɗan akwatin da dillalai ke rataya mabuɗi a ƙofa, ya sayo sabon makulli a kantin kayan gini ya canja, ya cire allon sayarwa ya jefa bayan gida. Takardar yarjejeniya kyauta ake sauke ta daga intanet. Wayarsa irin wadda ake saya da kati ce a yar. Wasu gida ɗaya suke ba wa iyali uku ko huɗu a mako guda, kowa ya zo da motar kaya ranar ɗaya ga wata. Akwai kuma masu yi daga nesa: su kwafi hotunan gidan da aka sa a kasuwa, su sake sa su a shafin talla na Craigslist da araha, su ce mai gidan ya tafi aikin mishan ƙasar waje, a tura kuɗi ta Western Union za a aiko da mabuɗi. Abin takaici, da yawa daga irin wannan tallar Afirka ta Yamma suke ambata, kuma ya ƙara wa mutanenmu na kirki wahalar samun amana a wurin masu gidaje.

Gidan da kansa ya yi ta ba Malam labari, bai san yaren ba ne. A banɗaki an liƙa tef a kan murfin masai, ruwan cikin kuma launin hoda ne. Kamfanonin da ke kula wa bankuna da gidajen da ba kowa su ke yin haka: su rufe ruwa, su busar da bututu, su zuba maganin hana daskarewa don kada sanyi ya fasa su, su manna takarda a wurin. A tagar falo akwai shatar gam mai kusurwa huɗu inda aka ɓamɓare sanarwa. Makullin ƙofar gaba sabo ne, na baya kuwa wani iri ne dabam da mabuɗinsa bai buɗe ba. Mutumin ya ce mai gyaran famfo ne bai gama aiki ba. Sannan ga farashi: unguwar da ake biyan 950 ko dubu, an ce 750. Sannan ga gaggawa, ga tsabar kuɗi, ga rashin tambayar komai a kansa. Mai gida na gaskiya yana tsoron ɗan haya kamar yadda ɗan haya ke tsoronsa, zai tambayi inda kake aiki da inda ka taso. Wanda bai tambaye ka komai ba, bai damu da abin da zai faru bayan yau ba ne.

Asiri ya tonu da Malam ya je buɗe asusun ruwa da sunansa, ma'aikaciya ta ce sunan da ke yarjejeniyarsa bai dace da na mai gidan da ke wurinsu ba. Ya kira lambar, a kashe. Bayan 'yan kwanaki dillaliyar banki ta zo duba gida ta tarar da labule da kekunan yara, ta kira 'yan sanda. Sabuwar dokar ba ta amfane shi ba a nan, domin tana kare wanda ya ƙulla haya da mai gida na haƙiƙa ne. Abin da ya cece shi daga a ɗauke shi a matsayin mai kutse shi ne takardun da ke hannunsa: yarjejeniyar, rasit, hoton tallar da ya buga, da lambar wayar. Ya shigar da rahoto a wurin 'yan sanda a ranar, aka ba shi mako biyu ya tashi. Wannan sassauci ba abin dogaro ba ne yanzu, don a 2024 Jojiya ta yi dokar da ta tsananta wa masu zama a gidan da ba nasu ba, inda ake ba mutum kwana uku na aiki kacal ya kawo takardar da ta halatta masa zama.

Binciken da zai hana duka biyun bai kai aikin awa ɗaya ba. Kowace gunduma tana da ofishin ƙiyasta harajin gidaje, kuma yawancinsu suna da shafin intanet inda za ka sa adireshi sunan mai gida ya fito. Ka gwada shi da katin shaidar wanda ke karɓar kuɗinka. In ya ce wakili ne, ka nemi takardar wakilci, ka duba lasisinsa a hukumar dillalan gidaje ta jiha, ka kira ofishinsu ta lambar da ka samo da kanka, ba wadda ya ba ka ba. Takardun mallaka da na jingina kuwa a Jojiya suna ofishin magatakardan babbar kotun gunduma. Sai dai rajista takan makara da makonni bayan gwanjo, don haka a haɗa da duba sanarwar jarida ta watannin baya, da sunan mai gida da kuma adireshin. A jihohin da ake bi ta kotu, ƙarar banki ce za ka nema a kundin kotu. Sannan ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ka tambayi wa ke da gidan nan da kuma yaushe aka tashi daga ciki. Ka biya da cek ko takardar kuɗi ta gidan waya mai sunan wanda ke rajista. Binciken kuma ba na ranar shiga kaɗai ba ne, a maimaita shi lokacin sabunta yarjejeniya da duk lokacin da wasiƙun lauyoyi suka fara zuwa.

A 2010 wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, 'yar masallacinsu, ta kawo wa Malam takarda irin wadda aka taɓa liƙa masa. Washegari da sassafe ya ajiye tasi ya ce, "Hajiya, ɗauko yarjejeniyarki da rasit, yau za mu amsa." Suka amsa a rana ta uku, suka wuce ofishin Atlanta Legal Aid Society, masu ba marasa ƙarfi taimakon lauya kyauta. A can aka warware mata dokar tarayyar nan ta 2009 dalla-dalla. Wanda ya sayi gida a gwanjo dole ya ba ɗan haya sanarwar kwana 90 a rubuce kafin ya nemi fitar da shi, ko da zaman wata-wata yake yi. In akwai yarjejeniya mai wa'adi, za ta ci gaba har ƙarshenta, sai fa in mai sayen da kansa zai zauna a gidan, nan ma sai ya ba da kwana 90. Sharuɗɗa uku ne: kada ɗan hayar ya zama shi ne mai bashin, ko ɗansa, ko iyayensa, ko abokin aurensa, hayar ta zama ciniki na gaskiya, kuɗin kuma kada ya yi ƙasa sosai da farashin unguwa, sai in tallafin gwamnati ne ya rage shi. Sharaɗi na uku ya kamata mutanenmu su lura da shi, don hayar zumunci da ake yi da baki a kan rabin farashi tana iya fitar da mutum daga inuwar dokar. Hajiya saura wata bakwai a yarjejeniyarta, aka janye ƙarar.

An kuma gargaɗe ta a kan abu biyu. Kwana 90 ba zaman kyauta ba ne. Kafin gwanjo tsohon mai gida ake biya, don har lokacin nasa ne, bayan gwanjo sabon, amma sai ya nuna takardar mallaka. In ba a san wanda za a ba ba, a ware kuɗin a ajiye kada a taɓa, a rubuta wasiƙa ana tambaya, a riƙe kwafi, domin rashin biya ƙofa ce ta kora cikin sauri. Na biyu shi ne tayin da wakilan banki ke zuwa da shi, su ba ka kuɗi ka miƙa mabuɗi cikin mako biyu ko uku. Ba haramun ba ne, wani lokaci ma alheri ne, amma a yi lissafi: kuɗin ajiyar sabon gida, hayar watan farko, motar kaya, da watannin da kake sarayarwa. A rubuta adadi da rana, a rubuta cewa za a janye duk wata ƙara, a karanta ko akwai layin da ke yafe kuɗin ajiya, kuma mabuɗi da cek su yi musaya a tsaye a wuri ɗaya. Janye ƙarar yana da muhimmanci, don kamfanonin tantance 'yan haya suna iya nuna ta har shekara bakwai.

Dokar da farko ta wucin gadi ce. An tsawaita ta a 2010, ta ƙare a ƙarshen 2014, aka zauna fiye da shekara uku babu ita, sai a 2018 aka dawo da ita ta dindindin. Tana aiki yanzu a duk jihohin Amurka, wasu jihohi da birane kuma suna da nasu da suka fi ta ƙarfi.

Kuɗin Malam kuwa ba su dawo ba. Na ɗan damfara sun bi ruwa, ba a kama kowa ba. Malam ya kai tsohon mai gida kotun majistare, inda a lokacin ake sauraron ƙananan da'awa har zuwa dala 15,000 ba tare da lauya ba, yana neman kuɗin ajiya da hayar Maris da kuɗin gyaran inji. A Jojiya mai gidan da hayarsa ba ta wuce gida goma ba, kuma da kansa yake kula da su, doka ba ta tilasta masa ajiye kuɗin ajiya a asusu na musamman ba, saboda haka babu inda za a je a ɗauko su. Gwangwanin biskit ya yi aikinsa a ranar: alƙali ya bi rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya, mutumin bai halarta ba, aka ba Malam gaskiya. Kafin a kai ga karɓa, mutumin ya shigar da takardar karyewar arziki. Rancen masallaci Malam ya biya shi dala ɗari-ɗari, ya gama kafin azumin shekara mai zuwa. Takardar hukuncin tana nan a ninke a cikin gwangwanin, a saman rasit ashirin da ɗaya.